Wata Tukunyar Hajiya Tabawa

Shekara arba'in Hajiya Tabawa tana sayar da tuwo da miyar taushe a Tudun Wada, har daga Kaduna ake zuwa ci. Da injinan girki suka shigo gari, ita aka fara roƙa ta koya musu hannunta. Yanzu kowace kwana akwai inji mai zuba miyarta, bencinanta kuwa babu kowa.

Ranar Talata da azahar Malam Ɗanlami, tsohon direban da ya daɗe yana cin tuwonta, ya leƙo. Ta zuba masa. Loma ɗaya ya kai ya tsame hannu.

"Hajiya, wa ya yi miyar nan?"

"Ni na yi da hannuna, Malam."

"To wallahi ta inji ta fi kama da taki," ya ce, yana shirin tashi.

"Don Allah zauna. Akwai wata tukunyar a ciki."

Ta fita ta ƙofar baya, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta bi layin masu sayen miya a wurin inji. Injin ya tambaye ta da muryarta ta da, "Ta wa za a zuba?"

"Ta Tabawa," ta ce a hankali.

Ta juye a kwanonta ta kawo masa. Ya cinye tas, ya suɗe yatsunsa.

"Yauwa! Ai na san hannunki na nan. Gobe da abokaina zan zo."

Ta ɗauki kwanon, sannan ta ce, "Ku nawa ne?"