Kuɗin Gefe

"Naira ashirin don gyaran gefe kawai? Tukur, zinari aka shuka a gefen ga?"

Alhaji Alu dillalin albasa ne. Shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ya gina gida a Jega, ya shimfiɗa ciyawar ado irin ta manya. Tukur ke yanke masa ita.

"Alhaji, tsakiya inji ke ci. Gefe kuwa, inda ta fi tsawo, sai na durƙusa da lauje. Aikinai daban, kuɗinai daban."

"Ko kwabo ban ƙarawa. Ka yanke, ka kwashe sharar ka fita da ita, ko in kira wani daga Aliero."

Tukur ya langaɓe kai kamar maraya, ya amince. Alhaji kuwa ya ishi majalisa da labari, wai ba a haifi mai cinsa a ciniki ba.

Da rani ya tsananta, ragunan Alhaji suka fara ramewa. Ya zagaye kara, wajen cinikin dabbobi, ranar kasuwa, wurin mutum ɗaya kaɗai ya samu ɗanyar ciyawa, dami Naira hamsin. Ya biya yana huci.

"Malam, cikin ranin ga ina kake samunta shar haka?"

Mai ciyawa ya ƙyalƙyale da dariya.

"Gidan wani gwanin ciniki. Shi ke sayen ruwa yana ba ta safe da yamma, sannan ya tilasta wa yayana Tukur ya kwashe kyauta. Allah dai ya ƙara mai wayo! A ƙaro dami, Alhaji?"