Rigar Inji

Mutum goma sha ɗaya suka gwada injin kafin azahar, babu wanda ya yi kuskuren a zo a gani. Da wani ne sai murna. Sagiru kuwa ji ya yi kamar ya kifa kai a kan tebur.

Injiniya ne. Shi da abokan aikinsa suka ƙera injin a wani ƙaramin wurin aiki a Kano: akwati ne mai tace iska ya ba mai ciwon huhu ta robar hanci, a gida, ba sai an kwanta asibiti ba. Shekara biyu da suka wuce, da amincewar likita, ya kai na farko gidansu a Rano ya jona wa mahaifinsa, Malam Habu. Wata uku tsohon yana samun sauƙi. Sai wata Talata da la'asar, lokacin sussukar dawa, mata na shiƙa a tsakar gida ƙaiƙayi na tashi, injin ya ɗau zafi ya tsaya. Babu wanda ya ji ƙararrawarsa. Kafin Sagiru ya iso daga Kano har an sa likkafani, injin kuma an ture shi lungu, ya huce.

Ya kwance shi noti-noti bai ga komai ba. Ya mayar ya kunna, ya yi aiki lafiya lau kamar ba shi ba. Tun daga nan ya canza duk abin da ke cikinsa, akwatin waje kawai ya bari yadda yake.

A takardar da suke jera duk hanyar da injin zai iya cutar da mutum, layi na sha bakwai ne kaɗai babu dalili a gabansa. Sagiru ya rantse ba zai sa hannu a kai injin gidan kowa ba sai ya cike gurbin nan, yau kuma wa'adin da aka ba shi yake cika. In bai gano ba zai ajiye aikin, ya ƙare rayuwarsa yana ganin shi ya kashe ubansa, bai ma san ta yaya ba.

Mahaifiyarsa, Yalwa, ba ta taɓa ɗora masa laifi ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle doguwar hira. Tun rasuwar ta rufe keken ɗinkinta, ita da mata ke bin layi da yadi a ƙofar ɗakinta. In ya je gaisuwa sai ta kalli bango ta ce, "An gano?" Ya ce tukuna. Makon jiya ta ƙara da, "Ran yaushe ne gwajin na Kibiya?"

Ga shi yau a Kibiya, ranar kasuwa, a ɗakin da aka ara musu. Ƙa'idar gwajin ɗaya ce: a kwantar da 'yartsana a tabarma a matsayin mara lafiya, a ba mutum injin, a kama baki a zuba ido. Abokiyar aikinsa Rahma ke riƙe da agogo. Matsalar ita ce mutanenmu da kara. Wanda ya haɗa gumi kafin ya gano makunni ma, in ya tashi sai ya ce, "Ya yi, Injiniya, Allah ya ƙara basira."

Suna shirin tattara kaya wata dattijuwa ta yi sallama. Ta ce sunanta Jumai, daga Tarai, albasa ta kawo kasuwa. Rahma ta duba takarda ta ce ba ta cikin waɗanda aka gayyata. Sagiru ya ce a bar ta.

Da ƙyar ta saƙala robar, da ƙyar ta kunna. Sannan ta goge saman injin da gefen mayafinta, ta zaro wani farin yadi mai kauri daga leda, an yi masa ado da koren zare, ta lulluɓa masa. Ya zauna cif, har da kafar da robar za ta bi.

Rahma ta buɗe baki, Sagiru ya ɗaga mata hannu.

A minti na tara zafi ya fara hawa. A na sha huɗu ƙararrawa ta tashi, amma a ƙarƙashin yadin ba ta fi kukan ɗan tsako ba, hayaniyar kasuwa ta haɗiye ta. Can injin ya yi shiru.

Sagiru ya matso ya duba injin. Ƙofar shan iskar a baya take, saman kuma shimfiɗe kamar tebur, sai ka ce roƙo yake a rufa masa wani abu. Gargaɗin kada a rufe yana shafi na tara na littafin, da ƙananan baƙaƙe, inda ko shi bai cika dubawa ba. Ya cike layi na sha bakwai: a ƙara ƙofofin iska, a tanƙwara saman, a fito da ƙararrawa waje. Ya ji nauyin shekara biyu ya sauka, ya kuma ji kunyar wannan sauƙin.

"Inna, me ya sa kika rufe shi?"

"Abu mai daraja, ɗan nan, a bar ƙaiƙayi ya shige shi?" Ta faɗa ne kamar mai biya hadda.

Ya cire rigar injin don ya auna kaurinta. Da ya juya cikinta, daidai inda ƙofar iska take yadin ya babbake ya yi ja. Ƙunar tsohuwa ce, ba ta yau ba.

"Wa ya ɗinka miki wannan?"

Jumai ta sunkuyar da kai. "Ni ko zare ban iya sa wa allura ba. Ƙawata ce ta Rano ta kawo mini jiya, ta ce in lulluɓa a gabanka yadda ita ta yi, don shekara biyu ke nan tana neman bakin da za ta gaya wa ɗanta na fari."