Jan Fenti a Zauren Baba

Ranar da masu awon titi suka shafa jan fenti a bangon zaurenmu a Gumel, ni murna na yi. Da ƙwaƙwalwata ta tunkiya, na ɗauka ado ne. Har na ruga na ɗebo wa babbansu ruwan randa a kwano.

Baba ya karɓe kwanon. "Malam, rushewa za ku yi?"

"Titi zai bi ta nan, Baba."

"A zauren nan aka raɗa mini suna." Ya tuttular da ruwan gaban takalmin mutumin. "Titin naka ya shayar da kai."

Ban taɓa ganin ya hana baƙo ruwa ba sai ranar. Sun rushe zauren kuwa. Yau daidai wurin nake sayar da rake, kuma ban yafe musu ba.