Tsinken Sallau

Tun da aka kafa dokar gwajin lafiya, kowane gida ana kai masa tsinken gwaji. Da safe mutum zai tsotsa. In ya tsaya fari, a nuna a ƙofar kasuwa a shiga. In ya yi ja, akwai ciwo mai yaɗuwa, sai asibiti.

Ranar da Larai ta cika kwana arba'in da rasuwar mijinta Sallau mahauci, nata tsinken ya yi ja. Ta ƙulle shi a bakin mayafi ta tafi asibitin unguwa.

Malama Ladidi, ma'aikaciyar jinya, ta duba ta ce, "Tarin fuka ne, Yaya Larai. Wata shida kina shan magani, za ki warke da yardar Allah. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne marigayi. Ciwon nan ne ya ɗauke shi, amma tsinkensa bai taɓa yin ja ba."

Larai ta sunkuyar da kai. "Ni nake tsotsa masa. Ya ce in aka gan shi da ja, wa zai ƙara sayen namansa? Ina jin tarinsa, ina miƙa masa fari. Na ɗauka rufa masa asiri nake yi."

 Malama Ladidi ta miƙa mata maganin, ta ce a hankali, "Ke ce ta huɗu da ta zo mini da jan tsinke a makon nan."