Inda Mata Ke Tsayawa

Da ambaliyar kogin Danube ta janye, wani dattijo ya tarar babu gicciye ko ɗaya a kan kaburburan makabartar ƙauyensu. Ruwa ya tumɓuke su duka, har da na matarsa, wanda ya sassaƙa da hannunsa.

Kwana uku yana tona laka a gonakin inabi, yana neman gicciyen. Ƙanwarsa ta same shi, ta ce, "Yaya, wannan ruwan kira ne. Ubangiji ke neman mu."

"Kira? Ya kwashe min tumaki, ya share kabarinta, ki ce min kira? Ya nemi wani!"

"To, ka leƙa coci dai. Ƙofar ta ɓalle, ruwa ya shigar da tarkace."

Shekara talatin matarsa ta yi tana roƙonsa ya shiga ran Lahadi, iyakarsa bakin ƙofa da taba a baki. Yau ya cire hula ya shiga.

Gicciyen matarsa na can jingine da bangon hagu, inda mata ke tsayawa lokacin ibada, laka ta rufe sunanta.

Ya durƙusa yana gogewa da hannun rigarsa.

"To, tsohuwa, ga shi kin kawo ni," ya ce. "Matsa min kaɗan."