Bangon Littafin Bushiya

Ka ce abin ya tsufa, za ka kai a gyara maka. To, zauna tukuna in ba ka wani misali, in ya so sai ka tafi. An yi wani tsohon malamin firamare, Malam Jatau, wanda da ya yi ritaya bai sayi gona ba, bai shiga kiwo ba, sai ya duƙufa wajen tara littattafan yara masu hotuna, irin waɗanda aka koya musu karatu da su suna ƙanana. Kuma ba kowanne yake so ba sai bugun farko, wato wanda ya fara fitowa daga maɗaba'a kafin a riƙa sake bugawa ana rage launi ana ƙanƙance zane. Mutumin nan in ya riƙe littafi, sai ya shafa bango, ya duba shafin farko inda ake rubuta shekarar bugu, ya ɗan sunsuna takardar, shi ke nan ya san asalinsa. Mutanen unguwa suna cewa Malam ya koma aji ɗaya, shi kuwa ko a jikinsa. Kantarsa ta cika, saura guda ɗaya da ya shekara goma sha ɗaya yana nema, labarin wata bushiya da ta tafi gidan kitso. Da shi ya fara haɗa baƙi, kuma bugun farkon ne kaɗai ke da bango mai launi: bushiya zaune a kan kujera 'yar tsuguno, makitsiya ta riƙe tsinke ta rasa ta inda za ta fara.

Ana nan sai ya same shi a wani ƙauye, cikin akwatin ƙarfen wata tsohuwa da mijinta ya yi hedimasta kafin ya rasu. Kyauta ta ba shi. Ya yi murnar da bai yi ba tun ranar sunan ɗansa na fari. Sai dai littafin ya sha duniya. Zaren ɗinkin ya saki, man ja ya ɓata gefen bango, wani mai karambani kuma ya yi wa bushiyar gashin baki da biro. Da ya jera shi cikin 'yan'uwansa masu tsabta, sai ya ga kamar an sa wa ango tsumma. Ga shi ranar Asabar wani abokinsa mai irin wannan tari zai zo daga wani gari takanas don ganin littafin, domin Malam ya riga ya cika baki a waya. Kunya ta kama shi. Ya naɗe littafin a ƙyalle ya nufi shagon Ilu, mai ɗinke wa ɗaliban jami'a takardunsu na kammala karatu. Abin haushin, Malam ya fi kowa sanin abin da ya kamata ya faɗa: a ɗinke baya kawai, kada a taɓa komai. Amma shagon ya cika da ɗalibai, ana ta kiran la'asar, sai ya miƙa littafin ta saman kawunansu ya ce, "Ilu, wannan ba kamar sauran ba ne, ka yi masa aikin da ka fi iyawa." Ya juya ya tafi masallaci.

Ilu mutumin kirki ne, kuma yana ganin girman Malam, saboda haka ya zage ya yi aikin da ya fi iyawa ɗin. Ya ɓalle tsohon bangon. Ya ga shafin farko ya yi baƙi da datti, babu labari a kansa sai 'yan lambobi, ya cire. Ya sa littafin a injin yanka ya daidaita gefe uku har suka yi fari fat, wuƙar ta tafi da saman hotunan. Ya yi masa sabon bango baƙi mai kauri, ya buga suna da ruwan gwal. Da Malam ya dawo ran Juma'a, Ilu ya miƙa masa da hannu biyu yana jiran yabo. Malam ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Da kyar ya iya tambayar ina tsohon bangon. Ilu ya nuna masa mai ƙosan da ke bakin shagon, wadda yake tara wa guntayen takardu kullum. Ita kuma ta ce siririyar takardar ta naɗe wa wani ƙosai da ita, kwalin kuwa da shi ta hura wuta da safe, kuma wallahi ya kama da kyau. Malam bai zagi kowa ba, don ya san bakin da ya ba da umarni.

Ranar Asabar baƙon ya iso, aka ci abinci, aka kawo littafin. Ya juya shi gaba da baya, ya nemi shafin shekara bai gani ba, ya yaba ruwan gwal ɗin saboda ladabi. Sannan ya mayar wa Malam, ya ce, "Ya yi kyau. Allah ya sa wata rana ka samu bugun farkon."

Wannan shi ne abin da Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.