Hamida Za Ta Abijan

Hamida ta ɗaure ƙullin kayanta, ta kwance, ta sake ɗaurewa. Ba wasu kaya ba ne: zannuwa, tasbaha, kat ɗinta na shaida, da ƴar ledar kuka da daddawa da za ta kai wa autanta Yazid, don ta ji an ce miyar Abijan ba irin tasu ba ce.

Mijinta Kailu yana zaune a gindin rumbu yana kallon ta. Tun girbin bara suke wannan magana ta barin gari. Ta gaji da faɗi, shi ma ya gaji da ji.

Ƙauyensu na ƙasar Sanam ya zama kamar kufai. Da farko ƴan bindiga masu moto mai ƙafa biyu zakka kaɗai suke zuwa karɓa. Daga baya suka kore shanu, suka rufe lakwal inda yara ke karatun boko, malamin ya tsere da kayan jikinsa. Ranar da suka harbe maigari a ƙofar masallaci bayan la'asar, mutane suka daina jiran wani abu. Gida bayan gida, ana ta ɗora tabarmi a kan amalanke. Ƴarsu Basiratu ma ta bi mijinta Filinge, suna can a rumfar leda a bayan gari.

Hamida ba ta son rumfar leda. Tana da ɗa a Abijan, ƙasar Kwaddibuwa. Yazid ya tafi tun kafin abin ya yi tsanani, kuma kowa ya shaida ya yi wayo. Ubansa ne ya kawo labarin ya isa lafiya, yana taya wani Alhaji jiran shago. Me zai zaunar da tsofaffi biyu a bakin mutuwa alhali suna da wurin zuwa?

Amma Kailu kullum da dalilinsa. Yau gona, gobe kaburburan iyaye, jibi ciwon gwiwa. Wata rana da ta matsa masa ya ce mata su ba za a taɓa su ba, ta ɗauka tawakkali ne. Kuma ga shi ranar da aka cinna wa rumbuna wuta, an tsallake nasu. Wasu maƙwabta suka ce addu'a ce. Wasu kuwa suka rage gaishe ta a bakin rijiya, ta ce a ranta wanda ya yi asara dole ya ji zafin wanda bai yi ba.

Yazid yakan kira, amma a wayar ubansa, can kan tudun da ake samun rezon waya. In Kailu ya miƙa mata, gaisuwa ce gajera: yana lafiya, ta yi masa addu'a. Ba ta taɓa jin ƙarar mota a bayansa ba, sai iska. Yakan aiko da sukari da turmin zane, Kailu ya shigo da su ya ce wani ne ya kawo. Ita ta ɗinka zanen. Shi kuwa ya koma shan shayinsa ba sukari, ya ce tsufa ne. Ƴan cin rani da suka dawo ta tambaye su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya gamu da shi. Suka ce mata Abijan gari ne babba.

Da aka sace jikar maƙwabciyarta a hanyar itace, Hamida ta sayar da tumakinta. Ta nemi lambar Yazid, Kailu ya ce wayar ta lalace. Ta ce ba komai, za ta tambaya a zangon Kurfayawa, mutanen ƙasarsu, ai ba a rasa wanda ya san ɗan Kailu.

Yanzu ga motar kasuwa tana hon a bakin gari. Ta ɗora ƙullin a ka.

"Malam, ni na tafi. In na isa zan sa shi ya aiko a ɗauke ka."

"Hamida, kada ki hau motar nan."

"Don mi?"

Ya kau da kai. "Abijan da nisa," ya ce.

Ta jira ko akwai saura. Babu. Ta fita.

Motar ta cika har kan rufi, mata da yara da buhunan hatsi. Hamida ta samu gefen taga, tana tsara tafiyar a ranta: yau ta kwana wajen Basiratu, gobe Yamai, daga nan babbar mota har bakin teku. Rabon ta da jin sauƙi irin wannan ta manta. Har gyangyaɗi ya fara ɗaukar ta.

Birki ne ya farkar da ita. A inda hanya ta gangara cikin ƙorama, motoci masu ƙafa biyu sun gitta, da mutane fuskokinsu naɗe da rawani. Direba ya kashe inji ya ɗaga hannuwa. Wata mata ta toshe bakin ɗanta da tafin hannu.

Aka sauke maza, aka kwantar da su a rairayi. Ɗaya daga cikin masu bindigar ya biyo gefen motar yana leƙa tagogi, yana duban mata ɗaya bayan ɗaya. Hamida ta sunkuyar da kai tana salati. Abu guda take roƙo, kada ta mutu ba ta ga ɗanta ba.

Takun ya zo daidai tagarta ya tsaya. Ya ƙi wucewa. Ta ɗago kai, daidai lokacin da mutumin ya janye rawanin daga bakinsa.

"Inna," in ji Yazid, "ina za ki?"